LORD ROWTON (1838–1903): MAI GIDAJEN KWANAN SISI

Dattawan da ke cikinmu ba su manta da sisi ba, wato kwabo shida, rabin sule, kuɗin da aka yi ta kashewa a kasuwanninmu kafin zuwan naira a 1973. Asalin wannan kuɗi na Ingila ne. A birnin Landan na ƙarshen ƙarni na 19, sisi shi ne ladan awa guda na ɗan dako a tashar jiragen ruwa, shi ɗin ma sai da aka yi yajin aiki kafin a same shi. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa ya ɗauki wannan ɗan kuɗi ya mai da shi farashin ɗaki mai ƙofa da taga da gado mai tsabta, a zamanin da dubban leburori ke kwana kamar kaya a rumbu. Sunansa na yanka Montagu Corry, amma duniya ta fi saninsa da sunan sarautarsa, Lord Rowton. Ba ɗan Katolika ba ne, ba kuma malamin addini ba ne. Shekara 15 na ƙuruciyarsa ya yi su ne yana hidimar wani babban ɗan siyasa, aikin da ake tunawa da shi a kai kuwa bai soma shi ba sai da ya haura hamsin.

An haife shi a Landan ran 8 ga Oktoba 1838, a gidan da ba a san yunwa ba. Kakansa na wajen uba shi ne Earl na Belmore, ɗaya daga cikin manyan masu filaye 'yan Furotesta na arewacin ƙasar Ailan. Mahaifinsa, Henry Lowry-Corry, ya wakilci gundumar Tyrone a Majalisar Dokokin Birtaniya fiye da shekara 45, har ya riƙe ministan sojan ruwa. Mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan Shaftesbury ce, saboda haka kawunsa shi ne shahararren Lord Shaftesbury, wanda ya yi fama har aka hana sa mata da ƙananan yara aiki a ƙarƙashin ƙasa cikin ramukan haƙar kwal a 1842, wanda kuma ya kawo dokar 1851 da ta wajabta a yi wa gidajen kwanan talakawa rajista a riƙa duba su. Mu riƙe wannan doka a zuci, gama za mu sake gamuwa da ita.

Yaron ya yi makarantar Harrow, ya wuce jami'ar Kambirij, ya zama lauya a 1863. Waɗanda suka san shi a lokacin sun shaide shi da kyawun fuska, da fara'a, da iya zama da mutane; ba wanda ya ce ya ga alamar zai bi sawun kawunsa. A 1865 aka gayyace shi baƙunci fadar Raby, gidan Duke na Cleveland. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, wata rana ruwan sama ya hana fita, 'yan matan gidan suka matsa masa ya ɗebe musu kewa, ya tashi yana rawar ma'aikatan jirgin ruwa yana waƙar ban dariya. Yana tsaka da haka sai ga Benjamin Disraeli tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa. Corry ya ɗauka ya gama zubar da mutuncinsa a gaban ɗaya daga cikin jagororin jam'iyyar mahaifinsa. Ashe abin ya burge dattijon. Da jam'iyyar Conservative ta karɓi mulki a 1866, Disraeli ya zama Ministan Kuɗi, sai ya ɗauki Corry sakatarensa na musamman.

Disraeli mutum ne na daban a siyasar Ingila. Bayahude ne ta haihuwa, aka yi masa baftisma yana ɗan shekara 12, marubucin littattafan hikaya ne, ya kuma hau kujerar Firayim Minista sau biyu, a 1868 da kuma daga 1874 zuwa 1880. Ba shi da haƙurin ƙananan al'amura, Corry kuwa nan ne gwanintarsa take. Shi ke karanta wasiƙu ya tace su, shi ke sanin wanda ya kamata a gani yau da wanda za a sallama da murmushi, shi ke jin abin da ake faɗa a wuraren cin abinci na manya ya kawo wa maigidansa. Da gwamnati ta faɗi a ƙarshen 1868, bai nemi wani muƙami ba, ya ci gaba da aikin ba albashi. Da matar Disraeli ta rasu a Disamba 1872, ba su kuwa haihu ba, tsohon ya rasa mata ya kuma rasa gidansu na Landan, domin gidan nata ne iyakar ranta. Corry ne ya tsaya masa a wannan lokaci kamar ɗan cikinsa.

Sau biyu sunan sakataren ya shiga manyan labaran duniya. A Nuwamba 1875 mai mulkin Masar, Isma'il Pasha, wanda bashi ya yi wa katutu, ya nemi sayar da hannun jarinsa na kamfanin mashigin ruwa na Suwez, kimanin kashi 44 cikin 100. Majalisa tana hutu, ba hanyar samun kuɗi daga baitulmali cikin gaggawa. Corry aka aika wurin attajirin nan Lionel de Rothschild ya nemo rancen fam miliyan 4, ya kuwa dawo da amsa mai daɗi. Shi kansa ya sha ba da labarin a wuraren hira, yadda attajirin ya ci 'ya'yan inabi a natse kafin ya tambayi jingina, masana tarihi kuma suna ganin ya ƙara masa gishiri. A 1878 ya raka maigidansa babban taron Berlin, inda manyan ƙasashen Turai suka zauna ƙarƙashin shugabancin Bismarck don raba gardamar Rasha da daular Turkawa, Birtaniya ta fito daga wannan rikici da tsibirin Kubrus a hannunta.

Da aka kayar da su a zaɓen 1880, Disraeli ya roƙi Sarauniya Biktoriya ta ba sakatarensa sarautar Lord. Ba a saba ganin an yi wa sakatare haka ba, abokan hamayya suka yi ta ba'a, har an ruwaito cewa Gladstone ya kwatanta abin da labarin sarkin Rumawan nan da ya naɗa dokinsa sarauta. Akwai kuma wata matsala, domin a wancan zamani ba a ba mutum irin wannan sarauta in ba shi da ƙasa. Wata innarsa, Lady Charlotte Lyster, ta warware ta da ta sa shi magajin gidanta, fadar Rowton a gundumar Shropshire. Daga nan sunan ya fito, ya kuma gaji gidan a 1889.

A farkon 1881 yana Aljas yana jinyar 'yar'uwarsa aka aiko masa cewa jikin maigidansa ya yi tsanani. Ya yiwo gaggawa ya iso, yana nan a gefen gado ran 19 ga Afrilu da Disraeli ya cika. Marigayin ya bar masa dukan takardunsa, kowa kuma, har da Sarauniya, ya zuba ido ya ga tarihin da zai rubuta. Bai rubuta ba. Ya yi shekara 22 yana riƙe da akwatunan takardun, sai bayan mutuwarsa wasu marubuta biyu, Monypenny da Buckle, suka yi aikin cikin littafi shida tsakanin 1910 da 1920. Waɗansu sun ce kasala ce, waɗansu sun ce ya san asirai da yawa na mutanen da ke raye. A ganinmu mutumin ya san kansa ne: gwanin tsara al'amura ne, alƙalami ba nasa ba ne. Kusan shekara goma bayan rasuwar Disraeli ya yi su yana zirga-zirga tsakanin gidajen manya, Sarauniya tana jin shawararsa, ana gayyatarsa ko'ina. Da ya mutu a lokacin, da iyakar abin da za a ce da shi amintaccen bara ne na babban mutum.

To, sai mu bar fadoji mu leƙa inda leburori ke kwana. Landan ta haura mutum miliyan 4 a lokacin, kullum kuma ƙarin mutane na kwararowa daga ƙauyukan Ingila, da Ailan, da gabashin Turai. Binciken da Charles Booth ya fara bugawa a 1889 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna birnin suna cikin talauci, ma'aunin da ya yi amfani da shi kuwa shi ne iyalin da ke samun sule 18 zuwa 21 a mako. Gwauron da ke aikin yini-yini, wanda ba shi da kuɗin kama ɗakin haya na mako, ba shi da wurin zuwa sai gidajen kwana na haya. Akwai irinsu kusan dubu masu rajista, da gadaje fiye da 30,000. Kwabo huɗu ake biya. Abin da mutum zai samu shi ne gado a dogon ɗaki tare da mutum ashirin ko fiye, zanen gadon da wani ya tashi daga kai, kuɗin cizo da ƙwarƙwata, da madafa guda a ƙarƙashin gida inda ɓarawo da mashayi da mai neman halalinsa ke zama kan benci ɗaya. Mai hankali takalmansa yake matashin kai da su, in ba haka ba ya wayi gari ba takalmi. Dokar Shaftesbury ta sa 'yan sanda suna zuwa duba farar ƙasar bango da ƙidaya gadaje, amma shekara arba'in bayan kafa ta gidajen suna nan da ƙazantarsu.

Wanda ba shi da kwabo huɗun kuwa, ko dai ya kwana yana yawo a titi, gama 'yan sanda ba sa barin mutum ya yi barci a bakin hanya, ko ya bi layi a ƙofar gidan gajiyayyu na hukuma. A can za a ba shi gurasa da kunu, a karɓe tufafinsa, da safe kuma ba zai fita ba sai ya biya da aikin fasa dutse ko warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa. Kafin ya gama an riga an ɗebi ma'aikatan ranar a tasha. Kisan gillar da aka yi wa mata a unguwar Whitechapel a 1888 ya tona wannan asiri ga masu karanta jarida, domin biyu daga cikinsu an kore su ne daga gidan kwana a daren da aka kashe su, saboda ba su da kuɗin gado.

Ba a ce manya ba su san halin da ake ciki ba. Tun a 1884 aka kafa hukumar bincike ta Sarauniya kan gidajen ma'aikata, cikin wakilanta har da Yarima mai jiran gado da Kadinal Manning, Babban Bishop na Westminster. Shi ne kuma, yana da shekara 81, ya shiga tsakani a yajin aikin 'yan dako na 1889 har aka amince da sisi a awa. Amma yawancin masu gina wa talakawa gidaje iyalai suka sa a gaba. Haka abin yake da asusun da Edward Guinness, mai kamfanin giyar nan na Dublin, ya kafa a 1890 da fam 250,000, wato 200,000 don Landan, 50,000 don Dublin. Abokinsa Rowton ya sa ya shugabanci amintattun asusun. Don ya san inda za a zuba kuɗin, Rowton ya shiga unguwannin da kansa, ya bi gidajen kwana yana dubawa. Abin da ya gani ya tsaya masa a rai, asusun kuwa ba don gwauraye aka kafa shi ba. Sai ya cire fam 30,000 daga aljihunsa, alhali shi ba hamshaƙin attajiri ba ne a ma'aunin mutanen da yake cuɗanya da su, ya ce zai gwada nasa.

A Disamba 1892 aka buɗe gidan farko a unguwar Vauxhall, kudu da kogin Thames, da gadaje kimanin 470. Ya kamata mu tsaya mu duba abin da mai sisi yake samu, domin a nan hikimar mutumin take. Kowane baƙo yana da ɗan ɗakinsa, faɗin ƙafa 5, tsawon ƙafa 7 da rabi, an raba shi da na maƙwabci da katako. A ciki akwai gadon ƙarfe da katifa da zanen gado wankakke da bargo, da kujera, da ƙugiyar rataya riga. Akwai ƙofar da zai rufe, akwai kuma taga tasa ta kansa, ya buɗe ko ya rufe yadda ya ga dama. A ƙasa akwai babban ɗakin cin abinci, da ɗakin karatu mai littattafai da jaridu, da ɗakin shan taba. Wanda yake so ya sayi dafaffen abinci da araha, wanda ba ya so ya sayi ɗanye a kantin gidan ko ya shigo da nasa, ya dafa a murhun da aka tanada, da tukwanen gidan. Akwai layin kwanonin wanke fuska da ruwan zafi, da wurin wanke ƙafa ga wanda ya yini a tsaye, da wurin wanki da ɗakin shanya mai ɗumi, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da ruwan sama ba ya da lokaci. A gidajen da suka biyo baya an keɓe shaguna ga mai aski da tela da mai gyaran takalmi. Akwai kuma akwatin ajiya mai makulli, yadda mutum zai fita neman aiki ba tare da ya ɗauki dukan abin da ya mallaka a ka ba.

Duk wanda ya karanta wannan tsari zai ga hannun tsohon sakatare. Irin kular da ya yi shekaru yana yi wa jin daɗin Firayim Minista, ita ya juyo da ita kan mutumin da ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya yi barci. Ya sa ido a kan irin gadon da za a saya da yadda za a tsara wurin wanka, bai bar wa magina su yanke shawara su kaɗai ba. Ya gane cewa lebura mai neman aiki yana bukatar ya fito da safe da wankakkiyar riga da askakkiyar fuska, in ba haka ba mai ɗaukar ma'aikata zai tsallake shi.

Abu na biyu da ya nace a kai shi ne gidan ba na sadaka ba ne. Otal ne na ma'aikata. Ba a tambayar baƙo tarihinsa ko addininsa, ba a sa shi zaman wa'azi kafin a ba shi gado, kamar yadda aka saba a wasu masaukan ƙungiyoyin addini na lokacin. Ya biya a taga, ya karɓi tikiti, ya zama mai haƙƙi. Mun san akwai masu ganin wannan a matsayin sanyin zuciya, amma duk wanda ya taɓa miƙa hannu ya karɓi taimako a gaban jama'a ya san nauyin abin. Mutanen da suka cika gidan sun haɗa da leburori da masu sana'ar hannu, har da akawuna da 'yan boko da duniya ta juya wa baya, waɗanda za su gwammace su kwana da yunwa da a gan su a layin sadaka. Dokoki kuwa akwai su, masu tsauri ma: ba a sayar da giya, ba caca, ba a hawa ɗakunan kwana da rana, sai da yamma a buɗe, da hantsi a rufe don shara.

Masana harkar gidajen haya sun yi hasashen asara. A shekarar farko an sayar da kwanan gado fiye da 140,000, gidan kuma ya mai da kuɗin tafiyar da shi har da riba. A 1894 aka kafa kamfani mai suna Rowton Houses Limited, Rowton na shugabanta, tare da Richard Farrant, wanda ya daɗe cikin aikin gina wa ma'aikata gidaje. Manufar ita ce masu zuba jari su sami 'yar riba madaidaiciya, wajen kashi 5 cikin 100, domin aikin ya tsaya da ƙafafunsa ko bayan mai shi. Mai zanen gini Harry Measures ya tsara manyan benaye na jan bulo masu hasumiyoyi, waɗanda baƙo zai ɗauka fadar wani basarake ce. Kafin ƙarshen 1897 an buɗe na King's Cross da na Newington Butts, sai na Hammersmith, sai na Whitechapel a 1902 da gadaje 816, a tsakiyar unguwar da aka yi kashe-kashen nan. Wasu garuruwa suka kwaikwaya: New York ta sami otal-otal ɗin Mills daga 1897, Birmingham ta buɗe nata gidan Rowton a 1903, Dublin ta buɗe masaukin Iveagh a 1905.

Duk da haka kada mu ɗaga aikin fiye da inda ya kai. Tsakanin kwabo huɗu da sisi akwai kwabo biyu, kwabo biyun nan kuwa katanga ce ga mutumin da ya sami aikin awa biyu kacal a yini. Gidajen Rowton sun ɗebi na sama-sama cikin talakawa, waɗanda ke da ɗan abin hannu, suka bar na can ƙasa inda suke. Mata kuma ba su da wuri a ciki ko kaɗan, alhali su ne rashin gado ya fi jefawa cikin hatsari. Sai a 1913 Landan ta sami babban masauki irin wannan na mata, gidan Ada Lewis. Wanda ba shi da ko kwabo, wasu ƙofofi yake bugawa, kamar masaukin dare na Providence Row da Fada Daniel Gilbert ya kafa a 1860 tare da Sistocin Jinƙai, inda ake karɓar maza da mata da yara kyauta ba tare da duba addini ba. Marubucin Amurka Jack London, wanda ya zaga gabashin Landan cikin tsummoki a 1902, ya ga irin waɗannan manyan gidajen kwana bai yaba ba, ya ga rayuwa ce ta kaɗaici, inda mutum ba zai iya karɓar baƙo ko ya ce nan gidansa ne ba. Akwai gaskiya a maganarsa. An tsara gidajen don masu wucewa, amma mutane da yawa sun shiga da niyyar mako guda suka tsufa a ciki.

Rowton bai yi aure ba. An ƙara masa girma a fada, ya zama ɗan majalisar shawara ta Sarauniya a 1900, amma shekarunsa na ƙarshe harkar gidajen ce ta fi cin lokacinsa. Ya rasu a Landan ran 9 ga Nuwamba 1903, shekarar da sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato, yana da shekara 65, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green. Sarautar ta mutu tare da shi tunda ba magaji. A lokacin gidaje biyar na aiki, da gadaje kimanin 3,500. Na shida, wanda ya fi duka girma, an buɗe shi a 1905 a titin Arlington na unguwar Camden, da gadaje fiye da 1,000.

Mutane iri-iri sun kwana a waɗannan ɗakuna. A 1907 wani saurayi daga ƙasar Jojiya ya sauka a gidan Whitechapel sa'ad da ya zo taron 'yan juyin juya halin Rasha. Shi ne duniya ta sani daga baya da suna Stalin. George Orwell, a littafinsa na 1933 kan zaman talauci a Faris da Landan, ya sa gidajen Rowton a kan gaba cikin dukan gidajen kwanan birnin, ya yaba wuraren wankansu, ya kuma yi ƙorafin tsananin dokokinsu. A lokacinsa kuɗin ya kai sule guda.

Bayan yaƙin duniya na biyu al'amura suka sauya. Kamfanin ya ga otal na matafiya ya fi kawo kuɗi, aka mai da gidan King's Cross otal a farkon shekarun 1960, na Newington Butts ma ya bi sahu kafin a rushe shi a 2007. Na Hammersmith ma an rushe shi. Na Whitechapel ya daɗe a kulle yana lalacewa, daga baya aka gyara shi aka mai da shi gidajen haya masu tsada, waɗanda leburan da aka gina shi dominsu ba zai iya kama ko lungu a ciki ba.

Gidan Arlington ne ya riƙe aikinsa na asali, labarinsa kuma ya koma ya haɗu da ƙasar kakannin Rowton. Camden tana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Euston, inda masu zuwa daga Ailan ke sauka, saboda haka gidan ya zama zangon farko na dubban samarin Ailan, galibinsu 'yan Katolika daga ƙauyuka, waɗanda suka zo haƙa ramuka da shimfiɗa hanyoyi da sake gina Landan bayan yaƙi. Mawaƙin nan Patrick Kavanagh ya kwana a can a shekarun 1930. Jikan masu filaye 'yan Furotesta ya zama shi ya tanadar wa jikokin manoman haya wurin sa haƙarƙari. Da yawa sun yi aiki sun aika kuɗi gida sun kama gabansu. Waɗansu kuwa ƙarfi ya ƙare, giya ta kama su, kunya ta hana su komawa hannu wofi, suka yi shekara talatin ko arba'in a ɗaki mai faɗin ƙafa biyar. A 1994 ma'aikatan gidan tare da Cibiyar 'Yan Ailan ta Landan, wadda limaman Katolika suka kafa a shekarun 1950, suka soma wani shiri mai suna Aisling, suna kai irin waɗannan tsofaffi ziyara gida su ga danginsu. An yi wa ginin babban gyara aka sake buɗe shi a 2010. An rushe ƙananan ɗakunan katako, an rage yawan mazauna ƙwarai domin kowa ya sami ɗaki sosai, an kuma ƙara wuraren koyon sana'a ga marasa gida da ke zaune a ciki.